Hotunan da Yaya Bai Wanke Ba

Akwatin Yaya ya iso gidanmu na Tarauni wata biyar bayan rasuwarsa. Shi kam can aka binne shi, a Amurka, a wani birni na bakin teku da Inna ba ta taɓa iya faɗin sunansa ba. A gidanmu "can" kawai ake ce wa garin. Yaya yana can. An samu wasiƙa daga can. Ranar da labarin ya zo ma haka aka faɗa, ya rasu a can.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, shi da ni, shekara biyar tsakaninmu. Babanmu ya rasu tun ina firamare. Yaya ne mai kan karatu. Gwamnati ta tura shi koyon aikin injiniyan ruwa, a shekarun nan da ake ta datse koguna a ƙasar Kano, ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba. Ya yi shekara biyu da rabi, saura wata shida ya dawo. Ciwon huhu aka ce, kwana tara a asibiti. Wasu mutum biyu daga ma'aikatarsu suka zo da hantsi, suka yi sallama da kawunmu a ƙofar gida, shi kuma ya shiga ya gaya wa Inna.

Aka yi zaman makoki babu gawa, babu kabarin da za a je. Kwana uku ina kan tabarma, ana miƙo mini hannu ina miƙawa. A ce ya haƙuri, in ce da godiya. Mutane suna ta yaba dauriyata. Ba dauriya ba ce. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka mintsine ta, ka san ka mintsina, amma ba ka ji ba. A rana ta huɗu na hau kekena na koma aiki.

Aikina a lokacin wankin hoto ne, a wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da titin Zariya. Shekarata ashirin da huɗu. Daga Tarauni ta cikin gonaki nake bi, gero da dawa, jefi-jefi ka ga an fara aza bulo a filin da bara aka noma gyaɗa. Mai shagon mutumin kudu ne, Kirista, daga ƙasar nan da koguna suke shiga teku. Ya zauna a Kano tun kafin yaƙi, ya tafi, ya dawo. Oga nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake ban taɓa koya wa kowa komai ba. Yawancin aikinmu hoton fasfo ne, na maniyyata aikin hajji, da masu neman shiga kwalejin horon malamai, da direbobi masu neman lasin. Ranar sallah kuma samari su zo da sababbin kaya su tsaya a gaban labulen da aka zana wa bene da jirgin sama. Oga yana waje yana ɗauka, ni ina ciki ina wankewa.

Wanda ya kawo akwatin abokin karatun Yaya ne, wani Bazazzagi dogo mai gilashi, da ya gama ya dawo. Na kama masa muka shigar da shi zaure. Inna ta fito da mayafi ta zauna daga gefe. Ya yi mata gaisuwa, ya ba ta labarin jana'izar. Musulmin garin ne suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi, maƙabartar tana kan tudu. Inna tana ta cewa Allah ya saka musu da alheri. Ni kuwa idona yana kan wani ƙuda da yake zagaya bakin kwanon furar da aka kawo wa baƙon.

Na buɗe akwatin. Kwat mai nauyi, littattafai, 'yar rediyo, dardumar sallar da Inna ta ba shi ranar tafiya. A ƙasa akwai kyamara cikin jakarta ta fata, da wata safa da aka ƙulle bakinta. Na kwance, fim bakwai suka gangaro kan tabarma, kowanne an manna masa 'yar takarda da lamba, daga ɗaya zuwa bakwai, da rubutun Yaya.

"Wannan kuma shi ne aikinsa na Asabar," in ji Bazazzagin. "Shekararsa ta ƙarshe ba ya fashi. Gari na wayewa ya rataya kyamara ya hau bas sai bakin ruwa. Mu muna ɗaki cikin bargo muna masa dariya. Na taɓa ce masa ga shagon wanki nan a bakin layi, me kake tara su? Ya ce yana da ƙane mai wankin hoto a gida, ba zai kai wa wani ba."

Ya dube ni, da alama yana jira in ce wani abu. Na ce, "Allah sarki."

Bayan ya tafi Inna ta ɗauki fim ɗaya ta girgiza shi kusa da kunnenta.

"Mene ne a ciki?"

"Hotuna ne, Inna. Ba a wanke ba."

"Yana ciki?"

"Wataƙila."

"To ka wanko mini shi. Ina so in ga yadda ya koma. Ko ya rame, ko ya yi jiki."

Hoto ɗaya ya taɓa aiko mana, a watansa na farko, yana tsaye a gaban gidan kwanan ɗalibai kamar wanda aka kira fareti. Bayan shi sai wasiƙu, su kuma duk bakinsu ɗaya: yana lafiya, karatu yana kyau, garin akwai sanyi, a gaida kawu.

Na kai fim ɗin shago na zuba a durowa, ƙarƙashin ambulan. Sati uku suna nan. Inna ba ta tambaya da baki. In na dawo da yamma ta dubi hannuna, sannan ta mayar da idonta kan abin da take yi.

Oga ne ya ci karo da su yana neman almakashi.

"Malam, waɗannan na wane ne? Irin wannan fim ba a sayar da shi a Sabon Gari."

Na gaya masa. Ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya ce, "Zafin garin nan zai cinye su. Fim ba ya jira." Ya ciro mukullin shagon daga aljihu ya ajiye mini a kan tebur. "Lahadi ina coci, daga nan kuma taron 'yan garinmu. Shagon naka ne. Ka sa takarda mai kyau, ba ta fasfo ba."

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Ruwan maganin wanki ba ya son zafi, don haka tun ranar Asabar na tsoma kwalaben a cikin randar da muke ajiyewa a bayan shago. Lahadi da hantsi na shiga ɗakin duhu na sa sakata. Ɗakin bai fi faɗin shimfiɗar tabarma biyu ba. Na fasa gwangwanin fim na ɗaya, na naɗe fim ɗin da lalube, na rufe tanki, na zuba magani, na dubi agogo. Hannuna ya san aikin, ba sai da ni ba. Ina jin motocin titin Zariya ta cikin bango, da muryar mai kunun zaƙi.

Da na rataye na farko na ɗaga shi a haske, sai na ɗauka ya lalace. Rabinsa baƙi ƙirin, kamar an buɗe bayan kyamara rana ta shiga. Abin da na ji a raina shi ne, to shi ke nan, an huta. Sai da na kai shi ƙarƙashin madubin dubawa na ga akwai wasu siraran layuka a cikin baƙin. A nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, fari baƙi yake fitowa. Na sa ɗaya a injin bugawa, na haska takarda, na tsoma ta a tire. A ƙarƙashin jar fitila ta daɗe fara fat, sannan wani tsinke ya fito, a jikinsa wani abu mai kusurwa uku. Jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, da dogon sanda da ƙyalle. Farin da ya kewaye shi kuwa hazo ne.

Lahadi uku na yi a kansu. Garin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan a cikin tire. Teku ce ta kutsa cikin ƙasa ta yi wani makeken tafki, gidaje sun hau tuddai sun zagaye ta, titunan suna gangarowa kai tsaye kamar za su faɗa ruwa. Akwai wata doguwar gada da ba ta da kai a yawancin hotunan, hazo ya cinye samanta, ƙafafunta kawai ake gani. Akwai duwatsu da ruwa ke bugawa ya yi kumfa, da tsuntsaye a jere kan wani gungume, da wani tsibiri. Amma jiragen nan su ne suka fi yawa. Wani shi kaɗai, wani garke guda, duk sun karkace gefe ɗaya kamar dawa in iskar hadari ta taso.

Daga fim na huɗu wani abu ya fara fitowa da ban gane ba. Mutum a tsaye a kan wani katako kamar ƙyauren ƙofa, a tsakiyar ruwa, ya riƙe ƙyalle babba da hannu biyu, ya kwanta da baya har ƙeyarsa ta kusa taɓa ruwan. Babu abin zama, babu abin tuƙi. A wani hoton ya faɗi, ƙafarsa kawai ake gani.

Litinin da safe, bayan Lahadi ta uku, Oga ya tarar da su a kan igiya suna bushewa. Ya sa gilashinsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"A garinmu ma muna ɗaura wa kwale-kwale ƙyalle," ya ce. "Buhun fulawa muke farkewa mu ɗinke. Amma wannan na tsaye ban taɓa gani ba. Ina zai sa kifin?"

"Ina jin ba kamun kifi suke ba."

"Wasa ne ke nan. Wasan waɗanda suka ƙoshi." Ya ciro biyu ya jera su a kan tebur, ɗaya daga fim na farko, ɗaya daga na shida. "Ka lura? A nan ruwan ya karkace kamar zai zube daga takarda, jirgin ma ya kusa fita. Dubi nan kuma. Ya jira. Ya san inda jirgin zai bi, ya tsaya ya jira shi ya shigo. Wa ya koya masa?"

Ban sani ba. Yayan da na sani ba ruwansa da hoto. In yana tsokanata cewa yake aikina shi ne tsayar da mutane a gaban labule in hana su numfashi. Ruwa kuwa, Inna ta hana mu kududdufin bayan gari tun muna yara, ni nakan saci jiki in je, shi bai taɓa ba. Na tsaya ina kallon hotunan biyu. Oga yana da gaskiya, na gani da idon sana'a. Iyakar abin da na gani ke nan.

Hoto kusan ɗari biyu da hamsin, babu Yaya a ko ɗaya. Na bi su sau biyu. Na duba gilashin tagogi da jikin motoci ko inuwarsa ta faɗa. Babu.

Guda ɗaya ne ya tsayar da ni, a tsakiyar fim na bakwai. Ya fita daban da na gefensa, a karkace, bai zauna sosai ba, kamar wani ne aka miƙa wa kyamarar. Wani baƙin mutum ne a kan katakon nan, can nesa, ya ba da baya, ya duƙa yana ƙoƙarin jawo ƙyallen daga cikin ruwa. Na ɗaga kan injin har ƙarshen sandarsa don in faɗaɗa shi. Ina ƙara girma, mutumin yana watsewa, har ya koma ɗigo-ɗigo kamar an zubar da gero a ƙasa. Na ɓata takarda shida.

Na kai wa Bazazzagin a ofishinsu. Ya cire gilashi, ya mayar.

"Wallahi ban sani ba. Ban taɓa bin sa ba ko sau ɗaya. Kuma garin akwai baƙaƙen mutane da yawa, 'yan ƙasa."

Da na koma shago Oga ya ce, "Ka kai mata shi yadda yake. Kada ka ce shi ne, kada ka ce ba shi ba ne."

Ranar Juma'a bayan la'asar na zaɓi guda arba'in na zuba a kwalin takarda na kai gida. Inna tana tsakar gida a inuwar darbejiya tana tsinkar zogale. Da ta ga kwalin ta ture faifan, ta wanke hannu, ta goge a zaninta sau biyu. Na zauna a bakin tabarmar ina miƙa mata ɗaya-ɗaya. Idonta ya fara rauni a lokacin, sai ta kai hoto nesa ta dawo da shi kusa.

"Duk ruwa ne?"

"Yawanci."

"Wannan hayaƙi ne? Gobara ake yi?"

"Hazo ne, Inna. Amma na ruwa ne, daga teku yake tasowa. An ce har kaya yake jiƙawa."

Ta ƙara duba hoton. "Cikin wannan yake yini? Shi da tun yana goye sanyi ba ya yi masa." Ta ajiye ta karɓi na gaba. "Babu wanda zai ce masa ya shiga ɗaki."

Da muka zo kan masu tsayawa a katako ta ce, "Waɗannan ba su da iyaye ne?"

Na bar na baƙin mutumin a ƙarshe. Na miƙa mata ƙaramin da babban. Ta riƙe su har ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Kaza ta zo ta sa baki a faifan zogalen, babu wanda ya kore ta.

"Ba shi ba ne," ta ce.

"Ya aka yi kika sani? Ai ba a ganin fuska."

"Ni na goya shi. Wannan ƙeyar ba tasa ba ce."

Ta miƙo mini. Ta dubi tarin da ke cinyarta.

"To shi yana ina?"

"Shi ne mai ɗauka, Inna. Mai ɗauka ba ya fitowa."

"A ina yake tsayawa?"

Na ɗauki ɗaya, wani ƙaramin jirgi shi kaɗai da duwatsu a gabansa. Na riƙe mata shi daidai fuskarta. "In jirgin yana nan, to shi yana daidai inda kike."

Ta dubi hoton, ta dubi tabarmar da take zaune a kai. Ta karɓe shi daga hannuna ta riƙe da kanta, a nisan da na riƙe mata. Na san ya kamata in ji wani abu, na jira, bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai, kusurwar hoton ta ɗan yi rawaya, ban ɗauraye shi sosai ba.

"Ashe yana da wurin zuwa," ta ce.

Shi kaɗai ta ɗauka. Na ce in sa masa gilashi a rataye, ta ce a'a. Ta sa shi a cikin adudunta, tsakanin zannuwa. Sauran ta ce in ajiye a wurina. Ta tashi ta ɗauki buta.

Kyamarar kuwa tana rataye a ƙusa a ɗakina, ban taɓa ta ba sai da damina ta faɗi. Na kai ta shago don Oga ya duba ko danshi ya shige ta. Na sa yatsa zan buɗe bayanta, ya riƙe mini hannu.

"Tsaya! Da fim a ciki."

Ya nuna mini 'yar tagar da ke ƙirga hotuna. Tana kan goma sha ɗaya. Saura ashirin da biyar ba a ɗauka ba.

"Ko ka naɗe shi haka ka wanke, ko ka ƙarasa shi," ya ce. "Kai ka sani."

Na bar ta a shago wajen wata biyu. Sai wani Bature daga cikin masu aikin madatsar ruwa ta Tiga, wanda yake kawo mana wanki, ya ce Oga ya zo ya ɗauke su hoto, shi da abokan aikinsa, ranar wata Lahadi. Suna da ƙananan jirage masu ƙyalle da suke tsere da su a tafkin, kuma ɗayansu zai koma gida, suna so su ba shi hotuna. Oga ya je cocin sassafe, aka aiko mana da a-kori-kura. Zan hau sai Oga ya ce, "Ɗauko ta ɗan'uwanka." Na ɗauko.

Ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Ka duba har idonka ya gaji ba ka ga ɗaya gaɓar ba, sai duwatsu can da nisa da kawunan itatuwan da ruwan ya shanye. A nan ne aka ce za a kawo Yaya aiki in ya dawo. Na tuna da haka muna saukowa daga mota, kamar yadda mutum yake tuna ya bar wanki a kan igiya.

Jiragen guda biyar ne. Oga ya shiga cikin Turawan da tasa kyamarar. Ni na gangara gefe na hau wani dutse. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Mutumin da ke gaban labule kai kake ce masa ya ɗaga haɓa, ya tsaya, kada ya motsa. Jirgi ba ya jin magana. Kafin in daidaita shi ya fita, in na bi shi ruwan ya karkace. Hasken da ke tashi daga ruwan yana sa ido hawaye. Iska tana kaɗa mini riga tana girgiza hannuna. Na ɓata biyar a jere. Daga nan na daina bin su, na zaɓi wuri ɗaya tsakanin wani kututture da dutse, na kafa ido na jira. Wani lokaci minti goma ba abin da ya shigo. Ƙafafuna suka yi tsami, wuyana ya ƙage. Awa uku na yi a kan dutsen nan. Abin da na gane a ranar ke nan, yawan tsayuwar da ke cikin fim bakwai.

Wani masunci, dattijo, ya tuƙo kwale-kwalensa kusa da ni.

"Malam, daga nan ba za ka same su da kyau ba. Shigo in matsa da kai."

"Ban iya ruwa ba, Baba."

"Ai ba iyo na ce ka yi ba. Zama za ka yi."

Na shiga na zauna a tsakiya, kyamara a ƙirjina. Ruwa yana taɓa gefen katakon yana wani ƙaramin sauti. Ban ji tsoro ba, ban ji daɗi ba. Ya kai ni inda jiragen suke juyawa, ɗaya ya wuce mu kusa har na ji ƙyallen yana kaɗawa kamar zanin da aka shanya. Na ɗauki uku na ƙarshe a nan. Na sa hannu a ruwan, ya fi yadda na zata sanyi.

Washegari na wanke fim ɗin. Goma sha ɗayan Yaya duk abu ɗaya ne, daga wata taga a sama, ina jin ta ɗakinsa ce. Rufin gidaje suna gangarawa, wayoyin lantarki, can ƙasa ruwa. A wani hazo ya rufe ruwan, a wani ya janye, a wani ya hau har rufin gidan da ke kusa. Ko a rana ɗaya ya ɗauke su ko a kwanaki daban-daban, ban sani ba. Ko jikin ne ya fara hana shi fita, wannan ma ban sani ba, kuma ban koma na tambayi Bazazzagin ba. Na goma sha biyu nawa ne, tafkin Tiga a karkace, da rabin jirgi. Shida-shida muke yanka nagatif, don haka biyar nasa da ɗaya nawa suka faɗa a yanki guda. Na zura su a ambulan na rubuta lamba takwas.

Baturen ya zo ranar Alhamis ya zaɓi nasa. Duk na Oga ya ɗauka, sai guda ɗaya daga cikin waɗanda na ɗauka a kwale-kwale. Oga ya ce masa, "Wannan na Malam ne." Baturen ya miƙo mini hannu, na miƙa masa.

Bayan shekara uku Oga ya tattara ya koma garinsu, ya bar mini shagon. Gonakin da nake ratsawa suka zama gidaje, har aka daina gane inda Tarauni ta ƙare Gyaɗi-Gyaɗi ta fara. Na ci gaba da hoton fasfo, daga baya na biki da suna. Hoton ruwa ban ƙara ɗauka ba, babu mai nema.

Sau ɗaya na je Ikko, sayen sabon injin bugawa. Kwana biyu na yi. Ranar dawowa direban tasin da ya ɗauko ni da kayan ya ce bakin teku yana nan kusa, in ina so ya bi da ni in gani, mutanen arewa suna son zuwa. Ana yayyafi, kwalin injin yana bayan mota a ɗaure da igiya, murfin bai rufu ba. Na ce masa mu wuce tasha kawai, kada jirgin ƙasa ya tafi ya bar ni.